Katin Allura Biyu a Hanyar Bali

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. A majalisa, a ƙofar masallaci, har a bakin aiki, mutum zai naɗe hannun riga in yi masa allura, sai ya ce, "Majo, wai da gaske ka je ƙarshen duniya koyon wasan 'yar tsana? Kuma kai kaɗai, ba ɗan rakiya?" Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk lokacin da na ba da labarin sai na ƙara wa kaina jarumtar da ban yi ba. Shi ya sa na sayi kaye, wato littafin rubutu, na zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru.

Ni mutumin Tasawa ne. Aiki ya kawo ni Gure, aka ba ni wani ƙaramin asibiti ina riƙe da shi, shi ya sa ake ce mini Majo, nan kuma na auri Hajara, 'yar Bune. Bazarar da sanƙarau ya shigo mana, unguwarmu ta rasa yara da yawa, cikinsu har da 'yarmu ta fari mai shekara tara. Allurar rigakafi ta iso, amma ba ta da yawa. Na jera yaran unguwa, na ce wa tawa ta koma ƙarshen layi, kada a ce Majo ya fara da gidansa. Kafin a zo kanta kwalba ta ƙare. Na ce ta bari sai an kawo wata. Kafin a kawo, ta kwanta.

Kun san al'adarmu: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a nuna an damu da shi. Shekara tara ni da Hajara "ke" muke ce mata, ko "yarinyar nan". Da ta rasu Hajara ba ta yi kuka a gaban kowa ba, mata suka yi ta yaba mata kunya. Daga nan ta daina magana in ban da gaisuwa, tuwonta kuwa kaji ke ci. Yayanta, Ya Kiyari, ya zo daga Bune, ya dube ta, ya ja ni zaure.

"Majo, ba faɗa na zo yi ba," in ji shi. "Amma in an gama yankan hatsi tana haka, zan zo da amalanke in tafi da ita gida."

Na ce masa haƙuri ne kawai ya rage mata. Abin da nake gaya wa dukan matan unguwa ke nan, ina tsaye a kansu da allon wayar da kai. Allah Ya hore mini baki. In na fara bayani, ko jaki ne a ɗaure sai ya nemi tsinke igiya.

Ana cikin haka wasu Turawa masu furoje, wato aikin agaji, suka aiko takarda. Suna neman ma'aikacin lafiya guda ya je sitaj, wato horo, na mako uku a Bali, wani tsibiri a ƙasar Indonesiya, ya ga yadda ake amfani da wasan inuwa wurin kwantar da hankalin mutanen da masifa ta faɗa wa. Aka zaɓe ni, wai don ina jin Ingilishi. Ingilishin nan nawa kalma biyar ne da na tsinto a Nguru wurin sayen kayan babur, uku daga ciki na ciniki ne. Ban musa ba. Gaskiyar magana, gudu nake so in yi daga shirun gidana, kuma ga shi an ba ni hanya har da tambari.

Motar Damagaram ta cika har da rago a kan cinyata. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin dabino. Kafin mu kai Gidigir ta san sunana, garinmu da yawan matana.

"Ina za ka, ɗana?"

"Bali, Hajiya."

"Gaban Agadas ne?"

Na gyara zama, na ce, "Gaban Makka ne ma."

Ta dube ni daga hula har takalmi. "To me ka rasa a Makka da za ka wuce ta?"



Daga Damagaram na shiga kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai. Taya ta fashe mana bayan Konni, muka yini a gindin wata bagaruwa ina yi wa fasinjoji bayanin amfanin tafasa ruwa, har wani tsoho ya ɗauki buzunsa ya koma rana. A Yamai kuwa, madam ɗin ofishin furoje ta miƙo mini fasfo da tikiti, ta ce, "Katin allurarka fa? Can ba za a bar ka ka shiga ba sai da shi." Ni da na huda hannun rabin mutanen Gure, ni da nake korar mata in sun zo awo ba kati, nawa yana can cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Na buga waya gidan waya na Gure, na roƙi a kai wa Hajara saƙo. Ranar tashi da hantsi direban kar ya miƙo mini ambulan an liƙe bakinsa da ƙaro. Na cusa a aljihu ban buɗe ba, na ruga filin jirgi.

Zancen jirgi ba zan tsawaita ba. Mun sauka Faris, na yi alwala a wurin wanke hannu wani Bature na kallon ƙafata kamar bai taɓa ganin ƙafa ba. Daga nan muka nufi gabas, rana ta rikice mini. Agogona na cewa la'asar, taga na cewa dare. Na yi sallar asuba sau biyu don kada in yi asara.

Da muka sauka Bali, a wurin duba fasfo na kan iyaka, ma'aikacin na zaune cikin akwatin gilashi. Ya nemi katin allura. Na yage ambulan, sai ga kati biyu. Na miƙa na sama ban duba ba. Ya buɗe, ya karanta sunan da ke ciki da ƙarfi. Sunan 'yata ne. Ya sake karantawa, ya dubi gashin bakina, ya dubi tumbina, ya ɗaga yatsu tara. Mutanen da ke bayana suka fashe da dariya. Ni ma na yi, har na fi su. Na miƙa nawa, ya buga tambari. Sai da na shiga bayan gida na filin jirgin na buɗe katin nata. Duk layukan rubutun hannuna ne, layi ɗaya ne kawai fari fat. Na ce a raina Hajara ba ta yi lakwal ba, ba ta iya karatun boko ba, ta kasa gane wanne ne nawa, shi ya sa ta haɗo duka. Na sa shi a aljihun gaba, na wanke fuska na fito.

Wanda ya tarye ni sunansa Nyoman, shi ne tafintana. Ya koyi Faransanci wurin yawo da masu buɗe ido. Ya sauke ni a gidan wasu dangi nasa, ɗakuna ƙanana cikin itatuwa, ko'ina ruwa na gudu kamar ba shi da mai shi. Kowace safiya sai in tarar da ɗan faifai na ganye a ƙofar ɗakina, da furanni, da 'yar shinkafa, da biskiti guda, turare na hayaƙi a kai. Na ce ikon Allah, mutanen nan sun san darajar baƙo. Kwana uku ina cinye biskitin ina barin furen. Rana ta huɗu uwar gidan ta kama ni da shi a baki. Ta yar da tsintsiya, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Nyoman ya ce ai ba nawa ba ne, sadaka ce da suke ajiye wa abin bautarsu da iskokin gida. Na shiga istigfari ba ƙaƙƙautawa. Matar ta ce a gaya mini kada in damu, da zarar hayaƙin ya tashi, abin da ya rage rabon kaji ne da karnuka. Har yau ban san ko lallashi ba ne. Daga ranar dai sai ta riƙa ajiye mini nawa biskitin a faranti, nesa da na iskokin.

Mutanen gidan na cin alade, don haka Nyoman ya haɗa ni da wani Musulmi mai tsiren akuya a bakin hanya. Tsiren nasa kowace tsoka ba ta fi kan yatsa ba. Na ci tsinke ashirin ina jiran a kawo abincin. Sauran kuwa shinkafa ce safe, rana da dare, har na fara mafarkin fura.

Mu 'yan sitaj daga ƙasashe daban-daban muka zo. Malaminmu wani tsoho ne gajere mai sauran haƙora kaɗan, sunansa Made, ana sa masa Pak a gaba kamar yadda muke sa Malam. Yana saurayi wani dutse ya yi aman wuta a kan ƙauyukansu. Waɗanda suka tsira suka zauna jugum, ba mai zancen waɗanda aka rasa. Mahaifinsa ya ɗauki akwatin wasansa ya riƙa bin su zango zango, shi yana riƙe masa fitila. Kayan wasan ba su da yawa: farin ƙyalle a shimfiɗe a tsaye, fitilar mai a bayansa, da mutum-mutumi na fatar saniya da aka huhhuda, kowane da sandar riƙewa. Wanda ba a wasa da shi sai a soke shi a kututturen ayaba. Mai wasan na zaune bayan ƙyalle, 'yan kallo inuwa kawai suke gani. Sarakunan cikin wasan suna magana da wani tsohon harshe da kusan ba mai ji. Barorinsu, wasu masu ƙaton ciki da munin fuska, su ke fassarawa da harshen kasuwa, suna ba'a. Na tuna masu dabo na wajenmu da ke kwanciya cikin babbar riga suna fiddo 'yan tsana ta wuyanta. Na taɓa korar wani daga ƙofar asibiti, na ce yana hana marasa lafiya barci. Ga ni na ƙetare teku ina rubuta irin aikinsa a kaye.

Wata rana muna cin abinci na ji wata mata na ƙwala kira, "Wayan! Wayan!" Wata ma a gidan gaba haka. Na tambaya ko duk yaran garin sunansu ɗaya. Nyoman ya ce Wayan suna ne na ɗan fari, shi kansa sunansa na nufin na uku, na Pak Made na biyu. Na riƙe baki. Na ce mu a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce, uba ma haka. Na yi bayanin da alfahari, har da ɗaga yatsa. Nyoman ya fassara. Tsohon ya daina tauna.

"To in ya mutu, wa ke kiransa?"

Na ce ba a kiran mamaci, addu'a ake yi masa, kuma Allah Ya san wanda ake nufi.

"Na yarda," in ji shi. "Amma uwar, ina take kai sunan?"

Na ce barkonon nan nasu ya yi yawa, na tashi neman ruwa.

Ranar da aka ce kowa ya gwada, na zaɓi sarki mafi ado. Na sa shi ya yi wa talakawansa jawabi a kan haƙuri da tsabtar muhalli. Da na leƙo, Nyoman ya daina fassara, wata mata na gyangyaɗi. Pak Made ya zare sarkin daga hannuna, ya ba ni wani bara baƙi mai tumbi da haƙori ɗaya. Kowa ya dubi baran, ya dube ni, aka yi shiru irin na ladabi. Na sa masa suna Mai Tumbi.

"Wannan ba ya ba da shawara," in ji tsohon. "Wawa ne. Tambaya ɗaya yake yi, sai ya rufe baki ya jira."

"In ba a amsa ba fa?"

"Sai ya ƙara jira."

A makon ƙarshe aka ce kowa ya shiga bayan ƙyalle ya bar baransa ya tambaye shi abin da ya rasa. Wata malamar jinya daga wata ƙasa da aka yi yaƙi ta yi zancen ƙanenta. Da aka zo kaina, katin nan na aljihuna, sai na sa Mai Tumbi ya kwaikwayi Hajiya mai dabino, ya kwaikwayi ma'aikacin kan iyaka, ya ci biskitin iskoki. Aka yi dariya har da hawaye. Pak Made bai yi ba. Ya ce a gaya mini bai taɓa ganin wanda ya iya ɓuya kamata ba, ƙyalle bai ishe ni ba sai na ƙara da dariya. Na ji kunya ƙwarai, don gaskiya ya faɗa. Duk da haka ranar sallama ya naɗe Mai Tumbi a tsumma ya ba ni. Aka kuma ba ni takardar shaida mai ruwan zinariya, wadda ke cewa na ƙware.

A Yamai ɗan duwan, mai binciken kaya a filin jirgi, ya buɗe akwatina, ya ɗaga Mai Tumbi sama, ya ce, "A can suka zana ka?"

Na iso Gure hatsi ya fara nuna. Hajara ta ce sannu da zuwa, ta kawo ruwa, ta koma ɗaki. Ta ƙara ramewa. Tsoro ya kama ni sosai, don na san Ya Kiyari ba ya magana biyu.

Na fara zuwa wurin limamin unguwa da Mai Tumbi. Ya jujjuya shi, ya ce, "Ba dai bauta masa za ka yi ba?" Na ce a'a. Ya ce, "To inuwa ce. Ka dai tashi mutane kafin kiran isha'i." Badukun bakin kasuwa ya yanko mini siffar mace da fatar akuya. Ayaba babu a Gure, sai na ɗaure damin kara a madadinta. Farin ƙyalle kuwa zanen gadon Hajara ne na aurenmu, na ɗauka ban tambaya ba.

Bayan magariba matan unguwa suka cika tsakar gidana, yawancinsu waɗanda suka yi rashi ne. Na kunna aci-balbal, na zauna bayan zane, na ɗaga Mai Tumbi. Duk abin da na koyo ya tashi daga kaina. Sai kawai na ji bakina na yi musu wa'azin haƙuri, sashe na ɗaya, sashe na biyu. Na fara jin ƙarar takalma ana fita. Wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Wannan ai Majo ne. Ko a inuwa ba ya shiru."

Sannan macen fatar ta zame daga damin kara ta faɗi, don kara ba ya riƙo kamar ayaba. Na kai hannu in ɗauke ta, na ture fitila, gefen zane ya kama. Na kashe da hulata. Hannu biyu gare ni, ga Mai Tumbi, ga fitila, ga mace a ƙasa. Hajara na tsaye a ƙofar ɗaki, ta bayan zanen.

"Hajara, don Allah riƙe mini wannan."

Ta zo ta durƙusa kusa da ni, ta ɗaga macen. Inuwa biyu suka tsaya a jikin zane suna fuskantar juna. Ba mai ganin fuskarmu. Maganata ta ƙare ƙaf, karo na farko a rayuwata. Na matsar da Mai Tumbi, na sa muryarsa ta wawa.

"Baiwar Allah, wa kike nema?"

Shiru. Na buɗe baki in cike wurin, sai na cije leɓe. Na ji jaki na kuka a bayan gari. Na ƙara jira. 

"Mariyama," in ji ta.

 Ta sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, kamar mai kiran yaro ya zo cin tuwo. Can cikin duhu wata mata ta ce, "Habu." Wata ta ce, "Fanna." Sunaye suka yi ta fitowa, ana kuka, ba wanda ya ce wa kowa ya yi haƙuri.

Hajara ba ta sauke macen ba. Ta ce wa Mai Tumbi, ba ni ba, "Duk tafiyar da ubanta zai yi, sai ta ce a je da ita, ko Damagaram ne. Kullum sai ya ce ta bari sai wani zuwa."

Na ce, "An je da ita kuwa?"

"An je da ita. Na san wanne ne katinshi, mai hatimi biyu ne. Ni na sa nata a sama."

Na ajiye Mai Tumbi. Da muryata na ce, "Ni na ce Mariyama ta koma ƙarshen layi." Shekara tara da wata biyar, ranar na fara jin sunan a bakina. Na yi kuka irin wanda namiji mai gashin baki ba ya so a ji, kuma duk unguwa ta ji.

Hajara ta ce, "Na sani. Da ni ce ma haka zan yi." Muka zauna a wurin har aka kira isha'i.

Washegari ta ci tuwo rabin kwano, ta kuma yi mini faɗan zanen da na ƙona tun safe har azahar. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Yanzu duk Alhamis bayan magariba mata na zuwa, su ke riƙe fatun, ni aikina riƙon fitila, an kuma hana ni magana. Ya Kiyari ya zo da amalankensa bayan yankan hatsi kamar yadda ya ce. Ya tarar tana daka tana yi mini gorin biskiti. Ya sha fura, ya kwana, ya koma shi kaɗai.

Iyakar abin da na gani a Bali ke nan. Mai son labarin teku ya nemi wani, ni ban kula da shi ba. Masu tambaya ko ni kaɗai na yi wannan doguwar tafiya kuwa, a'a. Da Mariyama muka je.